Ɗaya Cikin Huɗu

Litinin, 3 ga Maris

Sakamakon awo ya fito. Mai Awo da kanta ta kawo min takardar, ba ta aiko masinja ba, tun daga nan na san ba lafiya. Ta shigo ɗakin tantance iri, ta mayar da ƙofa ta rufe. Sau uku ta maimaita awon, in ji ta. Sinadarin laisin da ke cikin masararmu, Layi na Sha Bakwai, bai fi na masarar da ake sayarwa a bakin titi ba. Tiriftofan ma haka.

Na ce ko injin ne, tun da ya yi shekara biyu da rabi a kwance ba gyara. Ta dube ni kawai. "Injin lafiyarsa ƙalau. Ke ma kin sani."

Na sani ɗin. Shi ya hana ni cin abincin rana.

Yaya bai zo aiki ba, yana asibitin ido. Ranar sha takwas ga wata kwamiti zai zauna a kan irin da za a saki ga manoma, kuma wannan takardar kaɗai ta rage masa ya haɗa.

Talata, 4 ga Maris

Yaya ya bugo waya, ban ɗauka ba. Ya sake bugowa, na ce ina banɗaki. Mace mai shekara arba'in da bakwai!

Laraba, 5 ga Maris

Bari in rubuta shi dalla-dalla, ko na ga iyakar ɓarnar da na yi.

Masara tana cika ciki, amma furotin ɗinta gurgu ne. Akwai abu biyu da jikin yaro ke nema ya gina tsoka, laisin da tiriftofan, ita kuwa kaɗan take da su. To akwai wani sauyi da ke aukuwa a ƙwayar gado guda ɗaya tak, wanda Yaya ke kira tuntuɓe. In masara ta yi wannan tuntuɓen, furotin marar amfani ya ragu, laisin ya kusa ninkawa. Sai dai ƙwayar takan yi taushi kamar alli, ƙwari su yi ta biki a kanta, manomi ya ce Allah ya kiyaye ya shuka. Aikin Yaya na shekara goma sha tara shi ne ya mayar mata da tauri ba tare da tuntuɓen ya ɓace ba.

Nawa aikin teburin haske ne. Gilashi a sama, fitila a ƙasa. In baza ƙwayoyi, in ɗauka da hantsaki, in ba kowace lamba. Ɗaya ita ce garau, haske na ratsa ta ko'ina. Biyar ita ce wadda ba ya ratsawa ko kaɗan, muna ce mata makauniya. Mu masu lamba biyu da uku muke zaɓa, masu tauri amma da ɗan duhu a gindi, don duhun nan ne shaidar tuntuɓen yana nan. Ɗaya abin tsoro ce. Tana iya zama nasara, tana iya zama masarar kowa da kowa ce ta yi mana shigar burtu.

Kuma tuntuɓen nan kunya gare shi. Sai ya zo ta uwa ya zo ta uba sannan yake nuna kansa. Garin fure guda daga gonar waje ya isa ya rufe shi ruf.

Duk wannan Yaya ne ya koya min. Ban wuce sakandare ba lokacin da ya zaunar da ni a teburin nan.

Alhamis, 6 ga Maris

A takarda sunansa Layi na Sha Bakwai. Tsakanina da Yaya sunansa Tsuntsuwa.

Da 'yata tana raye, bana za ta cika ashirin da biyu. Shekararta biyu da wata ɗaya ta rasu. Bayan na yaye ta garin masara nake dama mata safe da rana da yamma, shi ke akwai a gidan, kuma tana sha, tana buɗe baki tun kafin cokali ya iso, shi ya sa kawunta Yaya ya sa mata wannan suna. Da ƙafafunta suka kumbura har murna na yi, wallahi, na ce 'yata ta yi ƙiba. Gashinta ya yi ja, na ce gadon dangin ubanta ne. Tamowa, in ji likita, lokacin da babu sauran abin yi.

Yaya ne ya ɗauke ta a hannunsa daga asibiti. Bai taɓa ce min don ita ya bar aikin dawa ya koma masara ba. Ni ma ban taɓa tambaya ba.

Asabar, 8 ga Maris

Shekara uku ke nan, kakar da aka yi iskar nan da ta kwashe rufin gareji. Washegari na ga takardun rufe goyo biyu sun yage a layinmu, ga gonar wani can bayan wayar shinge tana tsakiyar fure. Na canja su, ban faɗa ba, na ce ai ba komai.

Da aka girbe, goyo ɗaya ya fito da ƙwayoyi garau kamar ƙanƙara. A lokacin idon Yaya ya riga ya fara, hawan jinin ido, yana ɓoyewa. Ni ke duba tebur ina kira masa lamba, shi yana zaune a gefe yana cewa ɗauki ko bari. Yana ce min idona. "Idona, me kika gani?" Na ce ɗaya. Ya ɗauki guda ya ciza, yadda yake yi kullum, ta yi ƙas a haƙorinsa. Ya tashi tsaye, babban mutum da furfura, yana tafi shi kaɗai. Tun ranar da aka binne yarinyar ban ga haƙoransa a waje haka ba.

Kaka ta gaba muka haɗa su da kansu. Da na baza a tebur na ƙirga, uku garau, ɗaya makauniya. Na sake wani goyon, haka. Ɗaya cikin huɗu. Ko ɗan koyo ya san ma'anar wannan lissafi: baƙon fure ya shiga, masu hasken nan ba namu ba ne, makafin su ne Tsuntsuwa ta gaskiya.

Na ce, ƙasa-ƙasa, "Yaya, makafin sun ɗan yi yawa." Ya ce ragowar tsohon hali ne, in tsince su in zubar. Ban ce masa ɗaya cikin huɗu ba. Kalma uku! Da na faɗe su da ya gane nan take. Na dubi fuskarsa, na yi shiru, na tsince.

Bara ma na tsince. Injin awo yana kwance, ba mai ƙaryata ni.

Litinin, 10 ga Maris

Na je wurin mai sito neman tsofaffin ambulan na kafin shekarar iska. Ya ce ai na san firjin ɗakin sanyi ya yi wata biyar a mace. Na karɓi ambulan huɗu, na jera ƙwaya hamsin a jiƙaƙƙiyar takarda. Allah ka dube ni.

Juma'a, 14 ga Maris

Ko ɗaya ba ta tsiro ba. Sai fumfuna da wari.

Asabar, 15 ga Maris

Na faɗa wa Yaya.

Da la'asar, a barandar gidansa. Matarsa ta gama ɗiga masa magani, yana kishingiɗe da baƙin tabarau. Tun daga takun takalmina ya gane ni. Yana dariya ya ce ina na shige kwana goma, ko na yi miji ne ban gaya masa ba. Sai ya ce, "Nawa ya kai? Ya haura huɗu?"

Na ce biyu da ɗigo uku.

Ya ce in sake faɗa. Na sake. Daga nan ban tsaya ba, na kwashe komai na zuba, takardun da suka yage, ƙirgar da na yi. Da na kai ɗaya cikin huɗu ya ɗaga hannu, na yi shiru.

"Tun yaushe kika ƙirga?"

Na ce kaka biyu da suka wuce.

Na so ya yi faɗa. Yaya yana da faɗa, ya taɓa jifan direba da totuwa don ya taka layi da mota. Bai yi ba. Ya cire tabarau ya riƙe a cinya, idon hagun ya yi fari-fari, ban san ya kai haka ba. Can ya ce, "Ni ba ni da ido, ke kuma ba ki da baki. Ashe haka muka yi ta aiki."

Ya kira matarsa ta kama hannunsa suka shiga ciki. Na zauna har shayin da ta kawo min ya huce, sannan na tafi.

Talata, 18 ga Maris

Kwamiti ya zauna. Yaya ya aiko da wasiƙa layi uku, ya janye Sha Bakwai, ya ce kuskuren zaɓe ne daga gare shi. Sunana bai fito ba ko sau ɗaya. Da ya zage ni a gaban kowa da ya fi min sauƙi.

Darakta ya ce a rufe layin, a ba masu waken suya filin.

Alhamis, 20 ga Maris

Na je gidan. Matarsa ta ce yana barci. Ina jin rediyonsa ana canja tasha.

Lahadi, 23 ga Maris

Ina share ƙarƙashin gado tsintsiya ta bugi gwangwanin madara. Ba mantawa na yi da shi ba, ƙarya nake in na ce haka. Tsoron buɗe shi nake.

Ƙa'ida ita ce abin da aka tsince a ba mai shara ta kai wa kajinta. Shekara goma sha bakwai haka nake yi. Amma makafin kaka biyun nan ban ba ta ba, na zuba a jakata na kawo gida. Wato hannuna ya san abin da bakina ya ƙi faɗa. Tir da ni.

Na buɗe. Gari ya tashi, ƙwari suka yi ta fitowa suna bin yatsuna. Taushin nan dai da manoma ke gudu. Na zazzage a faranti, na zauna a ƙofar kicin tun hantsi har azahar ina tsinta. Yawanci ɓawo ne, ka taɓa ya ruguje. Waɗanda ba huda a jikinsu sittin da uku.

Na yi kuka a kan farantin, sai na tuna danshi zai ɓata su, na ja shi gefe na ci gaba da kukana.

Talata, 25 ga Maris

Na shuka su a bokitan fenti bayan ɗakin raga na renon shuka, wajen famfon da ke ɗiga. Ban nemi izinin kowa ba. Mai Awo ta gan ni da laka har gwiwar hannu, ta ce, "Ban ga komai ba," ta je ta kawo min ƙarin bokiti shida daga ɗakinta.

Laraba, 2 ga Afrilu

Goma sha ɗaya sun tsiro. Siraran abubuwa kamar ba za su kwana ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

Tara. Biyu sun yi rawaya sun kwanta.

Kujerar Yaya tana nan gefen tebur da matashin da ya lotsa. Mai shara ta so ta matsar da ita, na daka mata tsawar da ban san ina da ita ba. Na ba ta haƙuri daga baya.

Lahadi, 4 ga Mayu

Matarsa ta kira. Idon daman ma ya tafi, saura ɗan haske ta gefe. Ta ce ba ya cin abinci sosai, kuma ya hana a kawo masara gidan ko ta gasawa. Na ce ya ambace ni? Ta ce in dai yi ta addu'a.

Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya goya ni ranar da aka kai ni makaranta. Kwana hamsin ke nan ban ji muryarsa ba, kuma yana da gaskiya, abin da ya fi ci min rai ke nan.

Asabar, 24 ga Mayu

Sun fara fure. Na rufe kowane goyo tun gemu bai leƙo ba, na ɗaure furen sama da takarda. Ƙarfe tara na safe, raɓa ta bushe, in karkaɗe garin in zuba wa gemun ita wannan shukar, in rufe, in danne da ƙusa biyu maimakon ɗaya. Na yi wannan sau dubbai, amma kullum da shi a bayana yana cewa wannan, ba waccan ba. Yau na waiwaya sau biyu.

Laraba, 28 ga Mayu

Iska da rana tsaka. Na bar abinci na ruga. Takardar shuka ta shida ta zame, gemun yana waje, ban san minti nawa ba. Na rufe, na ɗaura mata jan zare, na rubuta a littafi da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu a ƙasa.

Litinin, 30 ga Yuni

Walimar ritayar Yaya. Bai zo ba. Darakta ya yi jawabi mai tsawo, ya kira shi gwarzo, ya yi kuskuren shekarun aikinsa. Aka ba ni agogon bango in kai masa. Agogon bango, ga mutumin da ba ya gani! Na ajiye shi a bayan ƙofa.

Litinin, 21 ga Yuli

Na girbe. Goyo bakwai, shuka biyu ba su yi komai ba. Ƙanana, wani bai kai tsawon tafin hannuna ba, da giɓi kamar bakin tsohuwa. Na shanya su a cikin ɗakin tantancewa inda idona zai kai.

Alhamis, 7 ga Agusta

Mai Awo ta ce sai ta niƙa goma daga kowane goyo. Na ce biyar. Muka yi ta ja kamar a kasuwa, muka tsaya a bakwai. Ina ji tana kunna injin niƙa na fita waje.

Talata, 12 ga Agusta

Uku da ɗigo tara. Ɗaya ma ya kai huɗu da ɗigo ɗaya.

Mai Awo ta rungume ni tana cewa masarar ta dawo, ta dawo. Na kasa murna yadda ya kamata. A tebur yawancinsu huɗu ne da biyar. Laisin ya dawo, taurin ya tafi, baƙon furen ya wargaza abin da Yaya ya tara ƙwaya-ƙwaya.

Asabar, 16 ga Agusta

Ban yi sallama daga ƙofar gida ba, don kada a ce yana barci. Yana baranda. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa a wuya. Na durƙusa na ce Yaya ni ce, na kama hannunsa na sa masa ƙwaya ɗaya a tafi. Na ce uku da ɗigo tara.

Ya daɗe yana murza ta. Ya tambaya daga ina, na faɗa masa gwangwanin madara. Ya kai baki ya ciza. Ba ta yi ƙara ba, ta dai murmushe.

"Alli," ya ce. Ya tofar a hannu, bai yar ba. "An koma baya shekara shida. Ko bakwai."

Na ce eh.

Ya ce shi ba shi da shekara shida, likitan zuciya ma ya fara yi masa magana a hankali kamar yaro. Na ce haba Yaya, daina. Ya ce, "Ke dai kin iya hana mutum jin gaskiya." Wannan ta shige ni har ƙashi. Hawaye na zubo min, shi bai gani ba, ko ya ji bai nuna ba.

Da zan tafi ya ce goyo nawa. Na ce bakwai.

Litinin, 1 ga Satumba

Ina buɗe ɗaki da safe na ji mota. Matarsa ce ta kawo shi, ta riƙo shi har ƙofa, daga nan ya ce ta sake shi, ya san taku nawa ne. Ya lalubi kujerarsa ya zauna. Ya ce matashin ya ƙara lotsewa, wa ke zama masa? Na ce ba kowa.

Na baza goyo na farko. Ya juyo da fuskarsa wajen tebur, hasken yana dukan tabaransa sosai. Ya ce, "To kunna fitilar mana."

Ta fi minti goma a kunne. Bakina ya buɗe zai ce to, hannuna har ya tafi wajen makunni zai yi ƙarar ƙarya. Na dawo da shi. Na ce a kunne take, Yaya.

Ya ce, "Madalla. Kira."

Na yi ta kira. Biyar, biyar, huɗu, biyar, uku. Duk uku sai ya ce ɗauki, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Bai ce min idona ba, ban kuma sa ran zai ce ba. A goyo biyar mun sami uku guda ashirin da shida, biyu guda huɗu.

Goyo na shida, can wajen baki, ƙwaya uku garau. Na ce ɗaya. Na ga yatsunsa sun motsa a kan gwiwa. Ya ce in ba shi, na ba shi guda, ya ciza, ta yi ƙas. Fuskar nan ta fara yin abin da ta yi shekara uku da suka wuce. Ya ce, "Ɗauki sauran biyun. Wa ya sani."

Na ce a'a. Na ce takardar shuka ta shida ta zame ranar ashirin da takwas ga Mayu, akwai jan zare a jikinta, ba za su shiga ambulan ba.

Fanka tana ta juyawa. Ya ciro guntun daga bakinsa ya ajiye a gefen tebur.

"To," ya ce. "Na bakwai."

Ƙarfe ɗaya matarsa ta zo. Ya gaji sosai, sai da muka kama shi mu biyu ya miƙe. Bai ce zai dawo ba, ni ma ban tambaya ba.

Ƙwaya talatin da huɗu a ambulan. Na sa maganin ƙwari, na rubuta 17, na rubuta kwanan wata. A gurbin mai zaɓe kullum harafinsa nake sawa. Na daɗe da biro a hannu. Nawa na sa, don dai kada a bar wurin fayau.

Gobe in nemi ƙarin bokiti.